Hannun Dogara

Shekara tara Malam Gimba ya yi yana kula da wani ɗaki mai sanyi a Ogui, cikin Enugu, inda kamfani ya jera manyan kwamfutocin da ake kira saba. Aikinsa shara, duba janareta, da mayar da waya in ta zare. Gyara kuwa na Dogara ne, injiniyan da ke zaune a Legas. Ta wani ɗan akwati da aka haɗa da kwamfutocin yake kama kibod da linzami kamar yana ɗakin. Gimba sai dai ya ga kibiya tana yawo a allo ita kaɗai.

Ba su taɓa haɗuwa ba. Amma kullum kafin aiki Dogara kan buɗe farin shafi ya rubuta, "Baba Gimba, ina kwana? Ya ƙafar?" Gimba ya buga amsa a kibod da yatsa ɗaya. Da Ma'u matar Gimba ta kwanta asibiti, kwana shida Dogara yana rufa masa asiri wurin manaja.

Wata Talata kibiyar ta shigo a guje, ba gaisuwa. Gimba ya tsaya da tsintsiya a hannu. Wannan ba hannun Dogara ba ne.

"Ai ya rasu tun Asabar, Baba," in ji Desmond manaja. "Hatsarin mota. An kai shi gida."

"Gida ina, oga?"

"Zonkwa, ina ji. Adireshin yana ofishinmu na Legas, ba sa bayarwa."

Da Gimba ya ce zai je ta'aziyya, Ma'u ta riƙe haɓa. "Malam, mutumin da ko a hanya kuka gamu ba za ka gane shi ba?"

"Ko kabarin na gani."

Ya karɓi hutun kwana huɗu, ya sayi jarkar manja a kasuwar Ogbete. Kwana biyu yana zagaya Zonkwa da suna ɗaya tak a bakinsa. A ƙarshe wani ɗan okada, mai haya da babur, ya ce ya san gidan rasuwar. Gimba ya zauna a rumfa, ya yi gaisuwa, aka kawo masa ruwa. Sai ya ɗaga kai ya ga hoton mamacin: tsoho ne tukuf, manomi, da fartanya a kafaɗa. Wani Dogaran ne daban.

'Yar mamacin ta durƙusa gabansa. "Baba, daga ina? A ina kuka san juna?"

Motar Enugu da azahar za ta tashi, hutu ya ƙare.

"Daga nesa," in ji Gimba. "Allah ya ba ku haƙuri."

Ya tura mata jarkar, ya laluba takalminsa.