Ragowar Ruwan Arlit

Surukata ta yi shekaru a gidanmu na Arlit, amma ba ta taɓa yarda cewa ruwan famfo ruwa ne ba. Cewa take ƙarfe take ji a bakinta. Sai an ɗura shi a salka ya kwana, ya yi sanyi, ya ɗauki ɗanɗanon fata, sannan ta sha ta yi hamdala. Anna muke ce mata, don haka mutanen Abzin ke kiran uwa. Ni ƴar Maradi ce, aure ya haɗa ni da ɗanta, mai tuƙa motar da ke kai ma'aikata ramin ma'adinai da asuba ta dawo da su da yamma.

A hannunta na koyi salka. Fatar akuya ce sukutum, a jeme ta da bagaruwa, a ɗaure ƙafafun, a bar wuya ya zama baki. Sabuwa ba a yarda da ita sai ta sha ruwa ta ƙoshi, an zubar an sake har jan ya ragu, an shafe ta da man shanu. Da farko ƙyama nake yi. Daga baya na zama ni ce maƙwabta ke kawo wa tasu in duba musu inda take yoyo, kuma ba yabon kai ba, na iya.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce a riƙa ba ta ruwa mai tsabta a kai a kai, kada a bari jikinta ya bushe, kada kuma cikinta ya ɓaci. Ita kuwa abu ɗaya ta nace a kai: a mayar da ita gida, can cikin ƙasar Dannet, ta sha ruwan rijiyar da ta tashi a bakinta. Mota kuwa ba ta shiga, ko cikin gari aka ɗauke ta sai ta yi amai kamar ranta zai fita. Sai ga ƙanenta, wanda muke ce wa Kawu, ya shigo Arlit da ƴan raƙumansa, ya sayar da awaki ya sayi hatsi da sukari da ganyen shayi, yana shirin komawa. Mijina ya nemi hutu wurin aiki, aka ɗaura wa Anna ƴar rumfa a bayan wata raƙuma mai sanyin tafiya, muka bi ayarin.

Yayana ya ce shi ma sai ya je. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni, kuma a lokacin yana sayar da atamfa a kasuwar Arlit. Ya ce ba za a ce ƙanwarsa ta shiga daji da marar lafiya ba kowa nata. Mutum ne mai zuciya ɗaya, mai son a ga amfaninsa, ba ya iya zama hannu rabbana. Shi ya sayo bido huɗu, manyan jarkokin roba, ya wanke su da kansa, ya naɗe su da buhu don a riƙa jiƙawa ruwan ya yi sanyi. Kawu ya ga ƙwazonsa ya ce to, bido a hannunsa suke. Ni kuma na cika salkuna biyu, na rataye su ƙarƙashin cikin raƙumar Anna inda inuwa take, na ce waɗannan nata ne.

Mun yi ƴan kwanaki muna tafiya, mu tashi da sanyin safiya, mu sauka idan rana ta take, mu sake ɗaurawa da la'asar. Hayaƙin Arlit da tudun ƙasar da aka tono daga rami suka ɓace a bayanmu, sai duwatsu baƙaƙe da ƙaya. Ruwan bido ya fara ɗumi yana warin roba. Na salka ya ƙara ja. Yaya kullum sai ya tsokane ni, wai ni da surukata muna shan romon akuya ba nama. Anna ta kan yi dariya daga cikin rumfarta, muryarta ƙasa ƙasa. Ina ba ta da ɗan kofin shayi, kaɗan kaɗan, ba na jira sai ta nema.

Ranar da za mu kai rijiya ta farko kowa ya tashi da fara'a. Da hantsi muka hango ta, bakinta zagaye da duwatsu, da kwamin shayar da dabbobi a gefe. Kawu da mijina suka durƙusar da raƙuma ɗan nesa kaɗan don kada su yi rububi, suka ɗauki guga da igiya suka nufi rijiyar. Ni ina bayan raƙuma ina gyara wa Anna shimfiɗa, sai na ji ƙarar ruwa a ƙasa, bul bul bul.

Na leƙo. Yaya ne, ya kifa bido yana girgizawa, ya ɗauki na gaba. Uku sun riga sun tafi, na huɗun yana hannunsa, bakinsa a ƙasa. Yashi ya shanye kamar ba a zuba komai ba.

Na san abin da yake yi, don a gida ɗaya muka tashi. A gidanmu na Maradi, mace ba ta zuba sabon ruwa a kan kwantai. Sai ta juye na jiya a gindin bishiya, ta ɗauraye randa, sannan ta cika. Wadda ba ta yi haka ba ƙazama ce, har gori ake mata. Tsabtar da innarmu ta koya mana yake yi, yana so Kawu ya dawo ya tarar da komai a shirye. A nan kuwa doka daban take, Anna ta faɗa mini tun ina amarya: duk munin ruwan da ke hannunka, ba ka zubar da shi sai wanda ke cikin rijiya ya taɓa harshenka. Ba wanda ya gaya wa Yaya, don a wurin mutanen Abzin ko yaro ya san haka.

Kafin in buɗe baki ya iso wurina yana goge hannu a riga.

“Miƙo salkunan nan in zubas, a ɗauraye su,” ya ce. “Wanga jan ruwa ya isa hakanan.”

“Ba za a taɓa su ba, Yaya.”

“Mi kika ce?”

“Na ce ba za a taɓa su ba sai Kawu ya ɗanɗana rijiya.”

“Ke! Ga ruwa can gaban idonki. Tsohuwa ba lahiya, ki bar ta tana shan ruwan jima? Kauce in kwance.”

Ya sunkuya zai kama igiyar. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ran nan na ɗaga, har raƙumar ta juyo da kai. Na ce masa in yana son salkunan nan sai dai ya fara ture ni. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya yi ja. Na ga zafin abin a fuskarsa, ƙanwar da ya goya ta yi masa tsawa a gaban suruka. Ni ma ya yi mini zafi, amma ban saki hannun ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Muna a haka muka ga Kawu yana dawowa da guga a hannu, yana tafiya a hankali. Ya ajiye gugan gaban tsohon raƙuminsa. Raƙumin ya sunkuyar da kai, ya shinshina, ya ɗaga ya kawar. Warin ya iso mu daga baya. Wata dabba ce ta faɗa ciki ta ruɓe, gashinta na yawo a saman ruwan. Kawu ya dubi bidon da ke kife, ya dubi jiƙaƙƙen yashi, ya gyara rawaninsa ya rufe baki.

“Allah ya kawo sauƙi,” abin da ya ce ke nan.

Da ya yi faɗa da ya fi wa Yaya sauƙi. Ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Tsoro ya kama ni sosai, don na san lafiyayyen namiji zai iya jure ƙishirwa ko ya sha gurɓataccen ruwa ya tashi, amma Anna ko ɗaya ba za ta iya ba.

Kawu ya ce akwai wani kori a gaba, busasshen rafi mai yashi, inda ruwa ke ɓuya a ƙarƙashi bayan damina, amma sai an yini ana tafiya. Ya ce da ni, da irin Hausarsa: “Kai ne mai ruwa yanzu, ɗiyana. Abin da ka ba mu, shi muna sha.” Na raba. Salka ɗaya ta Anna ce ita kaɗai, ɗayar ta sauranmu, kowa ya jiƙa maƙogwaro da kofin shayi. Aka hana dafa shayi, aka yi taimama. Da na miƙa wa Yaya nasa kofin sai ya kawar da kai, ya ce a ba tsohuwa. Anna ta ɗaga labulen rumfa.

“Ɗana, sha,” ta ce, ita ma da irin Hausar Kawu. “In kai ya faɗi, wa zai ja raƙumina?”

Ya karɓa ya sha. Daga nan ya kama akalar raƙumarta, ya ƙi hawa tasa, ya taka a ƙasa cikin ranar nan har muka kai.

A korin, Kawu ya bi ta inda rafin ya yi kwana, ya tsaya gindin wata bishiya da ganyenta ya fi na sauran kore, ya ce a tona nan. Yaya ya riga kowa durƙusawa. Da akushi da hannu ya yi ta yasa, har ramin ya kai masa ƙugu, yashin ya fara yin duhu, sannan ruwa ya fara tsattsafowa, launin kunun kanwa. Ba wanda ya yi gaggawa. Kawu ya shinshina, ya taɓa a harshe, ya ba raƙumi, raƙumi ya sha. Sannan muka tace da gefen rawani, muka bari ya kwanta, muka cika bido. Na Anna kuwa ban haɗa ba. Ta ci gaba da shan na salkarta, ina tafasa na korin a buta ina ajiyewa ko da nata zai ƙare. Bai ƙare ba.

Mun isa da ranta, da hankalinta, cikinta lafiya. Matan zangonsu suka fito da guɗa, aka sauke ta, amma ta ce ba za ta shiga tanti ba sai an kai ta bakin rijiya. Aka ɗauke ta a tabarma. Mijina ya jefa guga ya jawo. Na kwance salkarta, saura ɗan kaɗan a ƙasa yana motsi, na kama bakin ina jira. Sai na ji hannu a kan nawa.

“Tsaya tukuna,” in ji Yaya. “A ɗanɗana.”

Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Anna ma ta yi, har da tari. Aka ɗebo mata a akushi, ta shinshina kamar yadda ake yi, ta kurɓa, ta riƙe a baki ta rufe ido. Ta daɗe a haka kafin ta haɗiye.

“Shi ne,” ta ce.

Ta miƙo hannu na ba ta salkar. Na zaci sha za ta yi. Da kanta ta kwance bakin, ta karkata shi, ragowar ruwan da na ɗura a famfon gidanmu ya zuba a ƙasa har ya ƙare. Ta miƙo mini fatar ba komai a ciki.

“Tafi da shi, ɗiyana,” ta ce. “Ni ya gama da ruwan Arlit.”

Mijina ya juya mana baya yana naɗe igiyar guga, ya daɗe yana naɗewa.