Kwamfutar Mista Terhemba

Har gobe ban manta da wata Litinin ta cikin damina ba, lokacin ina jami'in kwamfuta a wani asibitin kuɗi da ke Bukan Sidi. Watanni kaɗan kafin nan shugabana, Mista Terhemba, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Keana, aikinsa duka ya dawo kaina.

Ga wanda bai san harkar ba, abin da muke kira sabar babbar kwamfuta ce da ake rarrabawa a yi ƙananan kwamfutoci a cikinta. Ba su da jiki, amma kowacce na aikinta. Namu guda ta katin marasa lafiya ce, guda ta ɗakin gwaji, sai wata da marigayin ya sa wa sunansa. Ba wanda ya san amfaninta, ni kuma ko buɗe ta ba na son yi.

Ranar aka ce in ɗora sabuwar Windos a ta ɗakin gwaji. Sai ta kai rabi ta tsaya, wai babu wuri a sabar. Na sake, ta sake tsayawa. Ga mutane cike da baranda, har da wata mata daga Adogi da ɗanta a goye, jikinsa zafi rau, likita na jiran sakamakon jininsa.

Manaja ya leƙo ya ce, “Goge na Terhemba ɗin mana. Mutum ya tafi, me kwamfuta nashi yana yi?”

Na ce, “Yallaɓai, ƙa'ida ita ce a dakatar da ita tukuna, a ga abin da zai biyo baya.”

Ina dakatar da ita firinta ta yi tsit. Daga nan ofis-ofis aka fara kirana: kati ya ɗauke, wurin magani ya ɗauke. Ga wuta, ga komai a kunne, amma ba kwamfutar da ke ganin 'yar'uwarta. Metiron, shugabar nas-nas, ta shigo tana cewa yaron nan ya fara fizge-fizge.

Na nemi tayar da kwamfutar marigayin, ta ƙi. Abin da ya rage shi ne ajiyar da marigayin ya yi mata, wadda ke mayar da kwamfuta daidai yadda take a sa'ar da aka ajiye. Na danna.

Allon ya buɗe. Agogonta na nuna safiyar ranar da ya rasu. Sai waƙar cocinsu ta Tibi, wadda yake saurara kullum, ta tashi a lasifika, ba daga farko ba, daga tsakiyar baiti, inda ya bar ta. Metiron ta ce, “Yesu!” ta dafa bango. Ni dai tsigar jikina ta tashi, na ji kamar in na waiwaya zan gan shi a kujerarsa.

Can a lungu firinta ta soma aiki. Ashe kwamfutarsa ce ke raba wa sauran adireshin da suke gane juna da shi. Na mayar da ta ɗakin gwaji kan tsohuwar Windos, sakamako ya fito, aka sa wa yaron ruwa.

Abin da nake gaya wa sababbin shiga ke nan: kada ka goge abin da ba ka san me yake riƙe da shi ba. Agogon na gyara. Waƙar kuwa mun tsaya har ta kai ƙarshe, ba wanda ya iya kai mata hannu.