Gyauron Inna Turai

A Barkiya ta wancan zamani babu wanda bai san Inna Turai mai ƙuli-ƙuli ba. 'Yar guntuwar mace ce, ga baki ga zuciya, in ka taya mata mai da arha sai ta bi ka da magana har ƙofar gidanku. Amma ni dai ban ga laifinta ba, don duk wanda ya ci ƙulinta ya san ba ta haɗa shi da komai.

Mijinta Ummaru manomin gyaɗa ne. Ba su samu haihuwa ba, kuma bai taɓa yi mata gori ba, shekara talatin suna tare. A kakar 1957 ya tone gyaɗarsa, suka tsige ta su biyu a bakin rafi, bayan kwana tara zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Da ta fita takaba ta je rafi ɗibar ruwa, sai ta ga kore shar a daidai inda suka zauna tsiga. Ƙwayoyin da suka zube daga hannunsa ne suka samu danshi suka tsiro, abin da manoma ke kira gyauro. Mutanenmu kuwa ba su cika taɓa gyauro ba, cewa suke abin da Allah ya shuka da kansa ba a sa masa fartanya. Turai ta yi masa shinge da ƙaya. Duk rani, kafin ta kai tulu gida sai ta juye masa rabi. Yana zubar da 'ya'ya, wasu na tsirowa, har shekara uku. Wani lokaci a kan ji tana ba shi labarin gari.

Sai kuturtar gyaɗa ta shigo. Ganye ya yi rawaya, ya dunƙule, tsiro ya tsugune ya ƙi tashi, ba 'ya'ya, ba harawar da za a ba dabbobi da rani. Shekarar farko aka ce iska ce. Ta biyu aka lura daga gonakin bakin rafi take farawa, kuma gonar Mahmuda, ƙanen marigayin, ita ce ta fi shan kashi. Mahmudan nan abokin wasanta ne, tun tana amarya yake ce mata gajera, shi ne kuma ke nome mata gayauna tun rasuwar wansa. Shekarar nan tumakinsa biyu suka mutu don rashin harawa, wasan ma ya daina.

Da bazara malamin gona, Malam Sabitu, ya zo daga Dutsin-Ma a kan keke. Ya bi rafin yana dubawa har ya iso shingen Turai, ya juya ganye ɗaya, sai ga darɓa baƙi ƙirin, ƙananan ƙwarin nan masu danƙo. Ya yi wa mutane bayani cewa su ne ke kai cutar daga tsiro zuwa tsiro, kuma da rani yunwa kan kashe su, sai fa in sun sami ɗanyar gyaɗa da za su laɓe. Ya ce a yi shuka da ruwan farko, a matse ta kada a bar fili tsakani, gyauro kuwa a tuge shi a ƙone kafin damina.

Kai, ranar Barkiya ta ji bakin Turai. Ta ce yaron da aka haifa jiya ne zai koya mata gyaɗa, ta ce duk wanda ya taɓa shingen nan ita da shi sai gaban mai gari. Ba wanda ya tanka, don kowa ya san ko gyauron wane ne. Mahmuda ma da aka ce ya sa baki, ya ce shi ba zai iya ba.

Malam Sabitu ne ya koma wurinta washegari, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Inna, cutar a ganye take, ba ta shiga ƙwaya. Abin da kika samu a ƙasa naki ne, iri ne lafiyayye.”

Kwana uku ba ta soya ƙuli ba. A na huɗu ta bi ta bayan gidan Mahmuda, ta hangi matarsa tana yanko wa ragowar tumakin ganyen bishiya, haƙarƙarinsu duk a waje. Abin ya sosa mata rai ƙwarai. Ta juya gida ta ɗauki fartanyar Ummaru.

Ita kaɗai ta yi aikin, ta hana kowa kama mata. Tana tugewa tana laluben saiwa, tana kuka ba ta ɓoye ba. Tsiron da kuturta ta ci ba ya 'ya'yan kirki, yawancin kwanson fanko ne. Da ta gama fasawa, ƙwaya tara ta samu. Ta ƙulle su a haɓar zane, sannan ta tara ganyen ta sa wuta da hannunta.

Da ruwan farko ya sauka ta kai wa Mahmuda ƙullin, ta ce, “Ungo, na wanka ne. Ka matse su kamar yadda yaron nan ya ce.”

Bakwai suka tsiro. Daga nan aka yi ta riɓanya iri, kafin Turai ta rasu a 1968 gonakin bakin rafi da dama gyaɗar nan ake shukawa, ana ce mata 'yar Ummaru. Ita kam ba ta taɓa faɗin sunan ba, don mace irinta ba ta kama sunan miji. In za ta sayi gyaɗar soyawa sai ta ce a auno mata ta Malam, wato mijin nata. Kuma har ta daina iya zuwa rafi, in ta ciko tulu takan ɗan tsaya a wurin nan da babu komai, kafin ta tuna ta wuce.