Rahoton da Ya Ce An Shiga Daga Kano

Shekarun baya, lokacin da na fara hulɗa da banki ta salula, an saka mini manhajar tsaro da ke aiko rahoto kowace Litinin. Da Faransanci yake zuwa, ni kuwa lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba. In na buɗe na ga launin kore, sai in ce lafiya lau, in rufe.

Shagon kayan fata gare ni a Zango. Akwai abokina, ɗan kasuwa daga Kano, da ya fi shekara goma yana sauka gidana duk zuwansa Damagaram.

Wata Litinin sai ga layi ɗaya mai ruwan ɗorawa: an shiga asusuna ranar Alhamis, wuri kuma Kano. Rabona da Kano ya kai shekara biyu. Abokin nan kuwa yana gidana, kullum yana gefena ina danna lambar sirri. Nan take na yanke hukunci cewa ya gani ne ya tura wa wani can.

Ban ce masa komai ba, amma fuskata ta faɗa. In ya shigo shago, sai in kife salula. Kwana biyu a haka ya ce, “Alhaji, ko na yi maka laifi ne?”

Na ce, “Gajiya ce kawai.”

Washegari ya ɗauki jakarsa, wai zai ƙarasa kwanakinsa wajen wani ɗan garinsu. Ban hana shi ba.

Ranar na hau kabu-kabu zuwa banki, na riga na shirya jawabina. Ma'aikaciyar da na samu ta duba ta ce, “Alhaji, ka karanta layin har ƙarshe?”

Ta nuna mini abu uku ne a jere: lokaci, na'urar da ta shiga, sannan wuri. Na'urar, salulata ce. Wurin kuma, in ji ta, ba inda mutum yake zaune ba ne, inda layin intanet ɗin ya fito ne.

“Ranar Alhamis da hantsi, da layin wa ka shiga?”

Sai na tuna. Ranar layina ya ɗauke, ni da bakina na roƙi abokina ya jona ni da nasa na Nijeriya. Ɓarawon da na kwana biyu ina farauta, ni ne.

Ban biya ta shago ba, wajensa na wuce, na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, “Da ka tambaye ni, Alhaji. Ai da na tuna maka.”

Zuwansa na gaba bai sauka gidana ba. Sai a na bayansa na ga jakarsa a zaure.

Yanzu rahoton nan ba ya ruɗa ni. Na san in ya ce an tare wani yunƙurin kutse, aikinsa ya yi, ba ɓarna aka yi ba. Na san baƙuwar na'ura ce abin tsoro, ba sunan gari ba. Har maƙwabtan shago na kawo mini nasu in karanta musu. Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne yadda rabin layi ya ishe ni zargin mutumin da na sani shekara goma.

Ya yafe mini tuntuni. Amma har yau in layina ya ɗauke na kalle shi, sai ya tura salularsa cikin aljihu yana murmushi, ya ce, “Alhaji, jira naka ya dawo.”