Shehu Mai Fito da Maman Ƙauna

Duk wanda ya taɓa noma a tsallaken kogin Galma ta wajen Zabi ya san Shehu mai fito. Kwalekwalen gadonsa ne, baƙin hali kuwa shi ya nemo abinsa. Da rani, in ruwa ya janye har kwalekwalen ya kafe a kan yashi, mutane sukan naɗe wando su wuce shi a ƙafa, ko sannu babu. Yakan zauna a inuwa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, yana ajiye kowa a ransa.

Wadda ya fi ajiyewa ita ce Dinatu, Maman Ƙauna, mai sarin kayan lambu tana kaiwa kasuwar Sabon Gari. Wata rana ta ratsa ruwan da ko gwiwarta bai kai ba, ta waiwayo tana dariya ta ce, "Malam Shehu, yau sarauta ta ƙare ke nan?"

Ya ajiye wannan ma a ransa.

Da Agusta ta zo, kogi ya cika ya batse, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Dinatu ta iso gaɓa da buhunan ɗanyar masara. Shehu ya kwashi kowa, ya bar ta a tsaye.

"Malam Shehu, ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ki sarai. Naɗe zani ki shiga, ai kin saba."

Sai da ta zagaya ta gada, kafin ta kai kasuwa an watse. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Damina ta gaba sai ga ta da mijin ƙanwarta, Raphael, da wani ƙaton jirgi mai inji daga Lokoja. Mutane suka koma can, har da waɗanda Shehu bai taɓa yi wa komai ba.

Jirgin Raphael sai ruwa ya cika yake tafiya. Da zarar an shiga kaka ruwa ya fara sauka, injin sai ya riƙa cin yashi, dole a dawo wurin Shehu da gorar tuƙinsa. A 'yan makonnin nan yake samun na abinci, yana tuƙi yana zage-zage. Ita kuwa Dinatu har yau ta gada take bi a wannan lokaci, da kaya niƙi-niƙi. Ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka kwalekwalensa ba, shi ma ya ce in ta taka sai ya kifar da shi.