Fankar da Ba Ta da Silin

Babana mai gyaran fanka ne a Masaka, a wani shago mai ƙofa ɗaya bayan layin masu katifa. Tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Ta silin ce, ta tsaye ce, ta tebur ce, in ka kawo masa sai ya kunna, ya karkata kai ya saurara, ya faɗa maka ciwonta kafin ya kwance noti ko ɗaya. Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne wani ya taɓa masa kayan aiki. Ina yarinya, ko sukudireba na ɗauka sai ya ce, "Uwata, ajiye." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Uwar tasa ce ni, amma ban isa in kusanci ƙarfensa na narka dalma ba.

A shekarar da nake ba da labarinta hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne yake zubo masa a gaban riga. Daga baya ya ƙone yatsa sau biyu cikin wata guda. Ni da yayana muka yi shawara ta waya, muka tsayar da cewa a rufe shagon, Baba ya dawo gidana ya huta. Yaya yana nesa, saboda haka ni aka bar wa aikin faɗa. Baba ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Kawo mini duk abin da yake juyawa. Ranar da ya gagare ni, ni da kaina zan ajiye makulli."

Taurin kansa na gada, sai na riƙe maganar.

Lokacin ina aikin buga takardu a wani ofis a Wuse. Ogan namu, dattijo da furfurarsa, yana da ɗan jirgi mai saukar ungulu na wasa, tsawonsa bai fi tafin hannuna ba. Bayan azahar sai ya sa a kashe fanka, a ja labule, don ya ce hasken rana yana hana jirgin jin umarnin rimot. Sai ya tura maɓalli da babban yatsa, abin ya yi ƙara kamar zanzaro, ya tashi ya tsaya cak a saman teburinsa. Farfela biyu gare shi, ɗaya a kan ɗaya, sanda guda ta ratsa su. A bisansu akwai wani siririn ƙarfe mai nauyi a baki biyu, wanda yake hana shi tangaɗi. A jela kuma akwai 'yar mitsitsiyar farfela mai kallon sama: in ta ɗaga jelar, hanci ya sunkuya, jirgi ya yi gaba. Minti kaɗan yake yi batir ya ƙare, sai a koma caji. Oga ya taɓa nuna mana cewa manyan farfelun nan ba gefe ɗaya suke juyawa ba, ta sama dama, ta ƙasa hagu. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wata rana jirgin ya yi karo da durowar fayil, farfelar ƙasa ta daina motsi. Oga ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ya mutu, just throw it away. Zan saya wani a kasuwa." Na kwashe shi da kwalinsa da rimot da fukafukan canji da suke cikin leda. Ba don a gyara na ɗauka ba, gaskiya. So nake ya gagari Baba.

Ranar Asabar na shiga bas, muka sha cunkoson Mararaba, na isa shagon da hantsi. Baba ya sa tabarau, ya buɗe cikin jirgin, bai yi minti biyu ba ya nuna mini wata waya siririya kamar gashi da ta ɓalle daga ɗaya daga cikin ƙananan injina biyu masu juya manyan farfelun. Sai ya koma kan fukafukan, ya daɗe yana kallo, ya yi tsaki.

"Wani ɗan koyo ya riga ni taɓa shi," in ji shi. "Dubi na ƙasa, baibai aka sa su. Da ma juyawa baya yake yi."

A sana'ar Baba, fankar da take juyawa baya ba ta da lafiya, shi ke nan. Wani ne ya haɗa waya ba daidai ba, kuma ya gyara irin wannan ba adadi. Ni na san a jirgin nan haka aka ƙera shi. Na buɗe baki, na tuna da makulli, na rufe.

Babu wuta a ranar, sai ya ɗora ƙarfen dalmar a kan garwashi. Ya gwada wayar ta nan da ta can har ya samu haɗin da farfelar ƙasa take juyawa gefe ɗaya da ta sama. Sannan ya zo liƙewa. Bakin ƙarfen yana ƙwas-ƙwas a jikin ɗan allon da wayoyin jirgin suke manne, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ya tokare gwiwar hannu a tebur, ya riƙe numfashi. Da ƙyar dalmar ta kama, bayan ya babbake gefen wurin har ya yi baƙi. Ya cire fukafukan ƙasa, ya zaɓo irin na sama daga leda ya sa. Ya share gumi ya ce in tayar.

Na ajiye jirgin a siminti, na tura maɓallin. Bai tashi ba. Gangar jikin ce ta kama juyi kamar katantanwa, ya ɗan ɗaga, ya yi gefe a guje, ya bugi ƙafar benci ya kife. Na sake gwadawa, haka ya sake yi.

Baba ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin shagon da tsohuwar igiyarsa, ya ajiye a kan tebur kusa da jakata. Abin da na zo nema ke nan tun daga Wuse, kuma ban taɓa jin kunyar kaina kamar ta wannan lokaci ba. Na ce, "Baba," zan faɗa masa. Ya ɗaga mini hannu. Sama yake kallo, wajen tsohuwar fankar shagon da take rataye ba motsi.

"In aka rataya fanka aka manta ba a sa wa sandarta ƙusa ba," ya ce a hankali, "fukafukai su yi dama, sanda ta yi hagu, har ta murɗe waya. Silin ne yake riƙe da ita. To shi wannan, in ya tashi sama, wa ya riƙe shi?"

Ya ɗauki jirgin, ya juya farfela ɗaya da yatsa, ya juya ɗayar baya. "Wannan ta ja shi nan, wannan ta ja shi can, sai ya tsaya. In ana so ya waiga, ɗaya ta ɗan fi ɗaya gudu. Ashe ba ɗan koyo ba ne, Uwata. Ni ne."

Ya mayar da fukafukan asali. Saura a juya wayar, a wurin nan da ya riga ya babbake, inda kuskure ɗaya zai ƙarasa allon. Ya ɗauko ƙarfen daga garwashi, ya kai shi kusa, bakin ya fara rawarsa. Ya tsaya yana kallon hannun nasa. Sannan ya juya mariƙin katakon ya miƙo mini.

"Riƙe. Kamar biro, ba kamar muciya ba. Taɓa, ƙirga biyu, ɗauke."

A karon farko dalmar ba ta kama ba. Ya yi mini faɗa, na sake. Dalmar ta kwanta, 'yar ƙarama, tana sheƙi.

Muka ja ƙofa saboda rana. Na tura maɓallin a hankali. Jirgin ya tashi, ya wuce tsayin benci, ya tsaya daidai fuskar Baba, iskarsa tana kaɗa masa gemu. Ya karkata kai yana sauraro, yadda yake yi wa fanka.

Da na sauke shi na ce, "Baba, tun farko na san ba gefe ɗaya suke juyawa ba."

"Na san kin sani," ya ce. "Tun da aka haife ki ba ki taɓa yin shiru mai tsawon na yau ba."

Makullin yana nan kusa da jakata. Na tura masa shi da yatsa ɗaya, ban iya kallonsa ba. Ya ɗauka ya mayar aljihu, ya nuna mini kusurwar shagon da haɓa.

"Fanka uku can suna jiran dalma. Asabar ki zo da wuri, kafin garwashi ya mutu."