Yadda Na Zama Ɗan Gudun Hijira a Hanyar Tsamiya

Birnin Kebbi zuwa Bagudo

Ana sallame Asuba na shiga mota, zan je ta'aziyyar kawuna a Tsamiya, kusa da iyakar Benin. Makon nan duka rediyo da waya ba su da zance sai na 'yan gudun hijira da suka tsallako, wai akwai miyagu cikinsu. Saboda haka na cusa wayata cikin safa, na yi ta ɗingishi a kowane shingen bincike, har wani soja ya yi mini sannu. Mun ci waina a Zagga, muka isa Bagudo wajen ƙarfe goma.

Bayan gadar Tuga

Daga nan sai babur ɗin ɗan kabu-kabu. An kwana ana ruwa, shi kuma ya rantse ya san hanya. Bai yi ƙarya ba, ramin ne bai sani ba. Na tashi caɓe-caɓe da taɓo, hulata ta bi ruwa.

Waɗanda suka ɗaga ni su ne mutanen da nake tsoro, suna zaune a wata makarantar firamare. Wani dattijo, Baba Hamidu, manomin auduga daga can ƙetare, ya ara mini tsohuwar rigarsa, matarsa ta dama mini fura. Ina tsugune ina sha, sai ga wani saurayi da kyamara. Ya wuce mutum uku masu tsabta ya tsaya kaina. Na gyara zama, don na ɗauka ya ga alamar ilimi.

"Haka suke yi, Malam," in ji Baba. "Wanda yaf fi wahala suka nema. Ba su tambayar suna."

Tsamiya da dawowa

Na yi gaisuwa, na kwana. Da safe ɗiyata ta kira tana kuka, wai hotona ya cika waya: "Yunwa ta galabaita 'yan gudun hijira." A mota na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wasu addu'a, wasu zagi. Ɗaya ya ce a dubi idon wannan, ba na mai gaskiya ba ne, kada a bari ya shigo gari. Alhaji Sani ne, wanda muke shan shayi tare shekara da shekaru.

Na iso gida da La'asar, na tarar da shi a majalisa. Na zauna gefensa, na ce masa ga ni na shigo.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Baba Hamidu da iyalinsa, Allah ya mayar da ku gonarku.